SHARHI: Manyan babura a Najeriya, tsakanin amfani, haɗari da dokar da ke duba girman inji

A ranar 26 ga Disamba, 2017, Yusuf, ɗan Shugaba Muhammadu Buhari, ya yi haɗari da babban babur a unguwar Gwarimpa da ke Abuja, ya ji rauni a ka, ya kuma samu karaya. Daga baya aka fitar da shi ƙasar waje domin jinya. Lamarin ya tuna wa jama'a cewa gudun irin waɗannan babura ba ya sanin ɗan kowa, kuma ba kowane mahayi ne ke da halin samun irin wannan kulawa ba.

Masu sha'awar manyan babura suna da hujjojinsu. Babur na ratsa cunkoson Legas ko na hanyar Nyanya zuwa Mararaba cikin ƙanƙanin lokaci, kuma yawancinsu ba su kai manyan motoci shan mai ba, abin da ya ƙara muhimmanci tun da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Suna kuma jure doguwar tafiya. A 2022 Kunle Adeyanju ya tuƙo babur daga Landan zuwa Legas domin tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Babur ɗin Bajaj Boxer da 'yan acaɓa ke hawa injinsa 100cc ne, alhali Suzuki Hayabusa na da 1,340cc, yana kuma iya kusantar kilomita 300 a sa'a guda. Iyakar gudun da doka ta yarje wa ƙananan motoci a babbar hanya ita ce kilomita 100. A titin da ke cike da ramuka, dabbobi da tireloli marasa fitila, wannan ƙarfi tarko ne. Ga kuma tsada: tun da dala ta haura naira 1,500 a 2024, farashin tayoyi da kayan gyara ya tashi, ƙwararrun kanikawa kuwa sai a manyan birane.

Ɓangaren da ya fi shafar siyasa shi ne doka. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, Kano ta bi sahu a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Dokar Legas ta 2012 ta hana baburan da injinsu bai kai 200cc ba hawa manyan tituna. Ma'ana, babur ɗin da talaka ke ciyar da iyalinsa da shi an kore shi, na mai hali kuma an buɗe masa hanya, ko da ya fi gudu nesa ba kusa ba.

Gyara yana hannun hukumomi. Lasisin babur a Najeriya aji ɗaya ne, yayin da Birtaniya ta raba nata matakai bisa shekarun mahayi da ƙarfin inji. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano a Janairun 2009, amma aiwatarwar ta yi sanyi, duk da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular na rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100.

Matashin da ke shirin sayen babban babur ya kamata ya fara lissafa kuɗin hula, rigar kariya, inshora da horo kafin kuɗin babur ɗin. 'Yan majalisa kuma su amsa tambaya guda: shin doka tana auna haɗarin abin hawa ne, ko aljihun mai shi?