Gargaɗi da Wa'adin Kwana 21 Daga Malaman Kimiyyar Iyali na Samaru da Sabon Gari

Zuwa ga Gwamnatin Tarayya, da majalisun gudanarwar manyan makarantunmu, da iyayen ɗalibai, da al'ummar Zazzau baki ɗaya.

 

Mu malaman kimiyyar iyali da tattalin gida da ke koyarwa a manyan makarantun Samaru da Sabon Gari, 'yan ƙungiyar malamai, mun zauna mun duba halin da aikinmu yake ciki, muka tsaya a kan magana guda: wannan fanni yana mutuwa a tsaye, domin matasa masu hazaƙa sun daina sha'awar gadar kujerarmu. Don haka muke ba da wa'adin kwana 21 daga ranar da wannan takarda ta fita. Idan wa'adi ya cika ba mu ga amsa a rubuce mai ɗauke da ranakun aiwatarwa ba, za mu ɗauki matakan da muka zayyana a ƙasa.

Aikin da ake neman bari ya lalace

Jama'a da yawa suna ɗauka girki da ɗinki ne iyakar karatunmu. Rassa huɗu gare shi: abinci da gina jiki, tufafi da saƙa, tafiyar da gida da dukiyarsa, sai renon yara da zamantakewar iyali. Daga hannunmu ake yaye malaman sakandare, da masu wayar da kan matan karkara, da masu tsara abincin makarantun kwana.

A 2003 hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta fitar da manhajar ilimin zaman iyali da cutar ƙanjamau domin makarantu. Manhaja ba ta koyar da kanta. Tana buƙatar malamar da ta san addini, ta san kunya, ta san yadda za ta yi wa yarinya 'yar shekara goma sha uku bayanin balaga da tsaftar jiki da harshen da uba a Hayin Dogo ko Muchiya zai ji ya amince. Mu ne muke horar da irin wannan malama. Aikin kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin tun ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'yan taru, jajojinta suna bi ƙauye ƙauye suna karantar da matan aure a cikin gidajensu.

A nan Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR ta samar da irin masara na SAMMAZ, da wake na SAMPEA, da waken suya na SAMSOY, da gyaɗa ta SAMNUT. Amma tsakanin gona da kofin kunun yaro akwai tazara, kuma iliminmu ne yake cike ta: yadda uwa za ta haɗa gero da waken suya da gyaɗa ta yi garin yaye mai gina jiki da ɗan abin da ke hannunta. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Kashi 29 kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ake shayarwa da nonon uwa zalla. Yankin da yake cikin wannan hali bai kamata ya yi sakaci da masu koyar da renon yara ba.

Haka ma zaman aure. A Kano gwamnati ta fara aurar da zawarawa tun 2012, a Oktoban 2023 ta ɗaura auren ma'aurata 1,800 a lokaci guda, a 2024 ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure. Duk matakai ne na alheri. Sai dai bayan an watse daga biki, wa zai koya wa ango da amarya tsara kuɗin cefane, da sasanta saɓani, da tarbiyyar ɗan fari? Ɗaura aure aikin wuni ɗaya ne, riƙe shi kuma ilimi yake so.

Yadda hanyar malanta ta toshe

Wanda ya zaɓi wannan hanya yakan fara ne a matsayin mataimakin malami bayan digirin farko. Sai ya yi digiri na biyu da na uku yana koyarwa, ya hau lakcara na biyu, da na ɗaya, da babban lakcara, kafin ya kai mataimakin farfesa da farfesa. Tsakanin kowane mataki a ƙalla shekara uku ne, kuma ba a hawa sai da bincike da aka buga a mujallun ilimi. Yawancin masu bin wannan hanya a fanninmu mata ne, masu goyo da ɗawainiyar gida a kan ɗawainiyar aji.

Ga abin da ya sami wannan hanya. Yarjejeniyar da Gwamnatin Tarayya ta ƙulla da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a 2009 ta ce za a riƙa sake duba ta bayan shekara uku. Aka shafe fiye da shekara goma ana jan ƙafa: kwamitin Wale Babalakin a 2017, sai na Farfesa Munzali Jibril, sai na Farfesa Nimi Briggs a 2022, sai na Yayale Ahmed a 2024. A tsakanin nan aka yi yajin aikin wata tara a 2020, da na wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. Aka riƙe albashin watannin yajin 2022 da sunan ba aiki ba biya, alhali da aka dawo mun koyar da darussan, mun yi jarrabawa, mun yaye ɗaliban. Sai a 2024 aka saki na wata huɗu.

Tsarin biyan albashi na IPPIS ya ɗaure wa jami'o'i hannu wajen ɗaukar sababbin malamai tsawon shekaru, har zuwa Disamban 2023 da gwamnati ta amince a cire manyan makarantu daga cikinsa. A waɗannan shekaru manyanmu sun yi ritaya, wasu sun rasu, wasu sun koma ƙungiyoyin agaji da ke biyan masanin abinci ninkin abin da aji ke biya. Sashen da ba shi da isassun manyan malamai ba zai iya duba ɗaliban digiri na uku ba, kuma yana cikin haɗarin rasa amincewar hukumar jami'o'i ta NUC.

Sannan karatunmu na hannu ne. Ɗakin koyon girki yana son gas da firji da wuta. Ɗakin ɗinki yana son keke da yadi da zare. Gidan gwaji, inda ɗalibai ke zama su koyi tafiyar da gida, yana son kulawa kullum. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma ƙara kuɗin lantarki a Afrilun 2024, kowane darasin gwaji ya zama nauyi. Sau da yawa malama ce take shiga kasuwar Sabon Gari ta sayo fulawa da mai da kuɗin aljihunta, ko ɗalibai su yi karo-karo. Ita ce kuma za ta biya kuɗin mota daga Samaru zuwa Kwangila da Basawa da Giwa don duba ɗalibai masu gwajin koyarwa. Ɗalibarmu mafi ƙwazo tana kallon wannan duka, in aka yi mata tayin zama malama sai ta ce Allah ya sa albarka, ta nemi wata hanya. Ba mu ga laifinta ba.

Buƙatunmu

1. A biya duk abin da ya rage na albashin da aka riƙe, da alawus ɗin ƙarin aiki, da bashin ƙarin girma.

2. A aiwatar da duk abin da aka sa wa hannu tsakanin gwamnati da ƙungiyar malamai, tare da bayyana ranar kowane mataki.

3. A ba da damar ɗaukar sababbin malamai a fannin kimiyyar iyali, a fara da ɗalibanmu da suka fita da sakamako mafi kyau, maza da mata.

4. A ware kuɗin kayan gwaji a kasafin kowane zango, a sake su kafin a fara karatu. A sa ɗakunan girki da ɗinki da renon yara cikin ayyukan asusun TETFund, asusun da ya samo asali daga yarjejeniyar ƙungiyar malamai da gwamnati ta 1992.

5. A biya kuɗin zirga-zirgar duba ɗalibai masu gwajin koyarwa da masu koyon aiki kafin tafiya.

6. A buɗe wurin renon jarirai kusa da azuzuwa domin malamai da ɗalibai masu goyo, a kuma lissafa aikin wayar da kan al'umma cikin ma'aunin ƙarin girma.

Abin da zai biyo bayan wa'adi

Daga rana ta 22, babu malamar da za ta sake sayen kayan gwaji da kuɗinta, kuma ba za mu karɓi karo-karon ɗalibai ba. Darasin da ba a kawo kayansa ba, ba za a yi shi ba, ba kuma za mu sa hannu a makin aikin da ba a yi ba. Za mu dakatar da fita duba ɗalibai har sai an biya kuɗin tafiya. Idan aka ƙara mako biyu babu motsi, za mu kai maganar gaban babban taron ƙungiyarmu da buƙatar a tafi yajin aikin gargaɗi kamar yadda doka ta tanada. Ƙofar tattaunawa a buɗe take a kowace rana cikin waɗannan kwanaki.

Ga iyaye da ɗalibai: mun san ku kuka fi kowa shan wahalar 2020 da 2022, kuma 'ya'yanmu ma suna cikin waɗanda suka zauna a gida. Ba ma son a koma can, shi ya sa muka yi magana tun da wuri. Muna roƙon sarakunanmu da malaman addini da 'yan majalisar da ke wakiltar Sabon Gari da Zariya su sa baki tun wa'adi bai cika ba.

Ga 'yan'uwanmu malamai: a ci gaba da shiga aji a kan lokaci har zuwa ranar cikar wa'adi, a guji jita-jita, kada kowa ya yi sulhu shi kaɗai a bayan fage.

Ga gwamnati da hukumomi: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mun faɗi abin da ya lalace, mun faɗi maganinsa, mun ba da lokaci. Duk abin da ya biyo bayan kwana 21, alhakinsa yana wuyan wanda ya ji ya yi shiru.

Wassalam.

Malaman kimiyyar iyali da tattalin gida,
Samaru da Sabon Gari, Zariya.