Ba Kowace Ƙwaya ce ta Cuta ba

Hausawa kan ce suna linzami ne. Duk sunan da aka laƙaba wa abu, shi yake jan tunanin mutane game da shi. Da yawa daga cikin malamanmu, idan sun zo bayani a kan bakteriya, wato ƙananan halittun nan da ido ba ya gani sai da madubin likita, sukan yi musu kuɗin goro su kira su "ƙwayoyin cuta". A ganina wannan suna kuskure ne, kuma ya kamata ɗaliban da ke shirin zama malamai su gyara shi tun kafin su shiga aji. Hujjata ita ce labarin wasu bakteriya masu cinye guba.

Akwai wani rukuni na sinadarai da ya haɗa da kulorin da buromin da fulorin da aidin. Idan masana'antu suka ɗaura ɗaya daga cikinsu a jikin kabon, sukan sami abin da ba ya saurin ruɓewa. Wannan ƙarko shi ne amfaninsa, shi ne kuma illarsa. Misali, ana amfani da PCE wajen wankin tufafi ba da ruwa ba, TCE kuwa wajen cire maiƙo daga ƙarafa. Dukkansu sun fi ruwa nauyi, saboda haka idan suka malala sai su nutse ƙarƙashin ƙasa, su yi shekaru suna gurɓata rijiyoyi. A garin Woburn na Amurka, an rufe rijiyoyin sha guda 2 a shekarar 1979 bayan an gano waɗannan sinadarai a cikinsu, a daidai lokacin da sankarar jini ta yawaita a tsakanin yaran garin.

Masana sun daɗe da sanin cewa wasu bakteriya kan ɓare kulorin daga jikin PCE, amma sukan bar aikin a tsakiya. Wani lokaci abin da ya rage yakan zama binil kulorayid, wanda ke haddasa sankarar hanta, ya kuma fi na farkon haɗari. Sai a shekarar 1997 masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka suka ware wata bakteriya mai suna Dehalococcoides, wadda ke iya cire kulorin guda 4 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, har a ƙarshe a sami iskar itin. Wannan iska ita ce mangwaro da ayaba suke fitarwa idan za su nuna. Abin mamaki shi ne, halittar tana numfashi ne da gubar, kamar yadda mu muke numfashi da iskar oksijin. Oksijin ɗin kuwa kashe ta yake yi. Ba ta kuma rayuwa ita kaɗai, domin maƙwabtanta ne ke samar mata da haidirojin da bitamin B12. Shi ya sa masu tsabtace muhalli a Amurka da Turai sukan tura man girki ko ruwan rake cikin ƙasa don su ciyar da maƙwabtan, idan ta kama su ƙara da ita kanta bakteriyar. Lalle kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.

Mai karatu na iya cewa wannan matsalar masu masana'antu ce. To, mu dubo gida. Gamalin, wanda manoma suka daɗe suna fesawa, wasu masunta kuma suke zubawa a kogi don kashe kifi, sinadarinsa lindan ne mai ɗauke da kulorin guda 6. An sanya shi cikin jerin gubobin da Yarjejeniyar Sitokhom ta haramta a shekarar 2009, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar. A shekarar 1988 kuma an jibge dubban gangunan shara mai guba daga Italiya a garin Koko da ke Jihar Delta ta yanzu. Shi ma lindan an samo bakteriyar da ke narkar da shi a wata gonar gwaji a Japan, inda aka yi shekaru ana zuba shi. Yaron da aka koya wa cewa duk ƙwaya cuta ce, yaushe zai yi tunanin neman irin waɗannan halittu a ƙasar gonar mahaifinsa?

Masu wani ra'ayin suna da hujja mai ƙarfi. Sukan ce tsoron ƙwayoyin cuta ne ke sa yaro ya wanke hannu, kuma a ƙasar da kwalara da taifod ke kisa, bai dace a rage wannan tsoro ba. Na yarda da rabin maganarsu. Sai dai tsabtar da aka gina a kan fahimta ta fi daɗewa. Yaro zai iya riƙe abu biyu: akwai bakteriyar da ke kawo amai da gudawa, akwai kuma wadda ke mayar da madara kindirmo, da wadda ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa.

Akwai wani gargaɗin kuma. Kada samuwar waɗannan halittu ta zama lasisin zubar da guba. Aikinsu yakan ɗauki watanni ko shekaru, yana cin kuɗi, kuma sai yanayin ƙasa ya dace. Haka nan sinadaran PFAS masu ɗauke da fulorin, ɗaurinsu ya yi ƙarfin da har yanzu bakteriya ba su yi musu wani abin a-zo-a-gani ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Daga ƙarshe, shawarata ga malamin gobe ita ce ya keɓe "ƙwayar cuta" ga wadda ke kawo cuta, ya yi amfani da "bakteriya" ko "ƙananan halittu" idan yana nufin jinsin baki ɗaya. Ya shigo aji da ƙwaryar nono da curin daddawa, ya fara darasinsa daga nan. Malamin Hausa shi ne mai gadin kalmomi, kuma kalmar da ya dasa a bakin yaro da ita yaron zai yi tunani har tsufansa.