Maganin da Ke Jiran Edita

Ranar 16 ga Yunin 2020, masu gudanar da gwajin RECOVERY a Jami'ar Oxford ta Ingila suka sanar da cewa dexamethasone, tsohon magani mai araha, yana rage mace-macen masu cutar korona da ke kan na'urar taimakon numfashi da kashi ɗaya bisa uku. Ba su jira mujalla ba, kuma nan take asibitocin Birtaniya suka fara ba da shi. Rahoton bai fito a New England Journal of Medicine ba sai 17 ga Yuli. Mai karatu ya auna rayukan da za a rasa da an yi shiru har tsawon wannan wata guda.

Shirun yana da tarihi. A 1969 editan wannan mujalla, Franz Ingelfinger, ya kafa ƙa'idar ƙin buga duk binciken da aka riga aka bayyana a wani wuri. Wasu mujallu suka bi sahu, masu bincike kuma suka koyi ɓoye sakamako har masana su gama tantancewa, abin da yakan ɗauki watanni.

Akwai masu cewa sauri kan haifi nawa, kuma tantancewa ita ce katangar da ke tsare marasa lafiya. Da gaskiyarsu, sai dai katangar tana da ɓaraka. Ranar 22 ga Mayun 2020 mujallar Lancet ta buga wani bincike kan hydroxychloroquine wanda ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin maganin. Ranar 4 ga Yuni aka janye shi, domin kamfanin Surgisphere ya ƙi bari a duba alƙaluman da aka dogara da su. Binciken ya tsallake tantancewa. Abin da ya tona asirinsa shi ne idon sauran masana bayan ya fito fili.

Darasin a ganina shi ne: bayyana alƙaluma ga kowa ya fi dogon jira kare jama'a daga kuskure.

Mu malaman jami'a a nan gida muna da namu laifin. Da yawan maƙalu ake ƙara mana girma, shi ya sa mai bincike kan zazzaɓin Lassa ko sanƙarau yakan rungume sakamakonsa don gudun kada wani ya riga shi, alhali likitan karkara yana lalube cikin duhu.

Mafita tana kusa. Tun 2019 akwai taskar medRxiv a intanet, inda ake ajiye maƙala kyauta kafin tantancewa, da gargaɗin cewa ba a tantance ta ba tukuna. Ya kamata kwamitocin ƙarin girma su fara ba wa irin wannan aiki maki, masu ba da kuɗin bincike kuma su shardanta miƙa taƙaitaccen sakamako ga ma'aikatar lafiya da zarar an kammala. Jinin da aka ɗiba don binciken na talakawa ne; su ya kamata su fara cin moriyarsa.