Binciken da Masu Shi Ba Sa Iya Karantawa

A shekarun 1960, mazauna gidan Le Court da ke Hampshire a Ingila, inda ake kula da masu naƙasa a jiki, sun gaji da yadda hukumar gidan ke tsara musu rayuwa, har da lokacin kwanciya barci. Sai suka nemi masana su zo su yi nazarin halin da suke ciki, da fatan binciken zai mara musu baya. Eric Miller da Geraldine Gwynne na cibiyar Tavistock ne suka yi aikin. Da littafinsu ya fito a 1972, sai murna ta koma ciki: masanan sun ɗauki mazauna irin waɗannan gidaje tamkar mutanen da al'umma ta riga ta binne da ransu, aikin gidan kuwa shi ne ya lallaɓa su har ajali ya zo. Paul Hunt, wanda ya zauna a gidan, ya rubuta martani mai zafi da aka buga a 1981 bayan rasuwarsa, inda ya kwatanta masu binciken da kaska mai rayuwa da jinin wanda ta maƙale wa.

Wannan rikici na cikin tushen fannin da ake kira nazarin naƙasa. Mike Oliver, masani ɗan Birtaniya mai amfani da keken guragu, ya ba babbar hujjar fannin suna a 1983. Hujjar ita ce rauni a jiki daban, naƙasa daban: matakalar da ba ta da gangare da littafin da ba a mayar zuwa rubutun makafi ba su ne ke naƙasa mutum. A 1992 ya ƙara da cewa binciken da ba ya sauya komai a rayuwar waɗanda aka yi shi a kansu, mai binciken kaɗai yake wa aiki.

To, a auna wannan ma'auni a kan ɗalibin digiri na uku na yau. Jami'o'i da dama ba sa barin ɗalibi ya kare kundinsa sai ya buga maƙala a mujallar ilimi, kuma masu ɗaukar malamai aiki sun fi duba sunan mujallar kafin abin da maƙalar ta ce. Mujallar da ta fi suna a fannin, Disability & Society, wadda aka kafa a 1986, tana hannun kamfanin Taylor & Francis. Mafi yawan maƙalunta sai mai biyan kuɗin rajista ke iya buɗewa. Marubucin da ke son kowa ya karanta kyauta kuwa, shi ko jami'arsa za su biya dubban daloli. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da naƙasa mai tsanani, kuma akasarinsu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Kusan dukkansu suna bayan wannan katanga.

Kuɗi ma ba shi ne kaɗai shingen ba. Maƙalar da aka ɗauki hotonta aka ajiye a intanet, manhajar da ke karanta wa makaho rubutu ba ta ganin ko harafi ɗaya a cikinta. Jadawalin da ba a yi masa bayani da kalmomi ba, ga makaho, shafi ne fari fat. Sannan ga harshe. Ɗalibar da ta shafe watanni a Kano tana hira da jama'ar sarkin makafi, ko da kurame masu maganar hannu, da Hausa ta tattara bayananta, amma da Turancin masana za ta buga su, Turancin da ko lauya sai ya yi ta maimaita jimla. Wanda ya ba ta labarin rayuwarsa ba zai taɓa sanin yadda aka fassara shi ba, balle ya ce an yi kuskure. Ba ta yi niyyar zama kaskar da Hunt ya ambata ba. Tsarin ne ya zaunar da ita a wannan gurbi.

Shi ya sa ɗora laifin a kan ɗalibai zalunci ne. Ɗalibi shi ne mafi rauni a wannan kasuwa, kuma wanda aka matsa wa lamba ba tare da kuɗi ko jagora ba, shi ke faɗawa hannun mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda. Gyaran yana hannun sassan jami'a da kwamitocin ƙarin girma, domin su ke yanke hukuncin abin da ake ƙirgawa.

Kuma zaɓi yana nan. Disability Studies Quarterly ta Amurka kyauta ake karanta ta, kuma tana fitar da maƙalunta a shafin intanet da manhajar makafi ke iya bi. African Journal of Disability, wadda ta fara fita a Afirka ta Kudu a 2012, ita ma a buɗe take ga kowane mai karatu. Sashen da ya ce ya yarda da koyarwar Oliver, ya kamata ya daraja irin waɗannan mujallu daidai da masu katanga, ya kuma sa taƙaitaccen bayani cikin harshen waɗanda aka yi hira da su ya zama sharaɗin kammala digiri: a rubuce, ko a murya, ko a bidiyon maganar hannu. A arewacin Najeriya rabin sa'a a gidan rediyo zai kai sakamakon bincike ga makafi fiye da yadda kowace mujalla za ta kai.

Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, kuma wa'adin ya cika tun farkon 2024. Ɗaliban da ke ƙirga gine-ginen da har yanzu ba su da gangare suna tara hujjar da ƙungiyoyin masu naƙasa ke buƙata a gaban kotu da majalisa, kuma waɗannan ƙungiyoyi ba su da katin shiga ɗakin karatun kowace jami'a.