Ragar da ake ɗinka wa mata a ƙirji: wa ya ba ta izini?

Ranar 9 ga watan Nuwamba na shekarar 2023, hukumar FDA, wadda ke sa ido a kan magunguna da kayan asibiti a ƙasar Amurka, ta aika wa likitocin ƙasar wata wasiƙa. Abin da ta ce a taƙaice shi ne, babu wata ragar tiyata ko ɗaya da ta amince a yi aikin nono da ita, kuma ba ta tantance ko ragar tana da amfani ko tana cutarwa a wannan wuri ba. Wasiƙar ta ambaci ragogin Phasix da GalaFLEX na kamfanin Becton Dickinson, wanda ya sake rubuta gargaɗin da ke jikin kayansa. Abin mamaki, a lokacin da wannan wasiƙa ta fito an riga an share shekaru ana ɗinka wa mata irin waɗannan kaya a ƙirji.

Bari mu yi wa masu karatu bayanin wannan raga. Idan cutar daji ta kama mama har aka yanke shi, likitoci na iya sake gina shi da wata jakar silikon da ake sanyawa ƙarƙashin fata. Don kada jakar ta zame ko ta sauka ƙasa, sai a ɗinka wata raga ta tallabe ta, kamar yadda majanyi ke riƙe goyo. Masu aikin gyaran jiki su ma suna sa ta ga matan da ke son a ɗaga ko a ƙara girman mamansu. Wata ragar ta roba ce, irin su GalaFLEX da aka ce jiki na narkar da ita cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Wata kuma fata ce da aka wanke aka cire mata ƙwayoyin halitta: AlloDerm da FlexHD da AlloMax daga fatar mamatan da suka yi kyautar jikinsu, SurgiMend daga fatar saniya, Strattice kuwa daga fatar alade. Wannan kaɗai ya isa a ce dole a faɗa wa mace abin da za a sa mata.

Babbar matsalar ita ce shigar ƙwayoyin cuta. Duk wani baƙon abu da aka binne cikin jiki, jini ba ya gudana a cikinsa, aƙalla a makonnin farko, saboda haka dakarun jiki da magani ba sa isa gare shi yadda ya kamata. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a kan fatar kowa, idan suka samu hanya lokacin aiki, sai su manne a zaren ragar su lulluɓe kansu da wani yauƙi da maganin antibiyotik ke kasa ratsawa. Ruwan da kan taru ƙarƙashin ɗinki ya zama musu abinci. Daga nan sai zazzaɓi, ja da kumburi, mugunya, ɗinki ya buɗe. Sau da yawa babu makawa sai an koma ɗakin aiki an fidda ragar da jakar baki ɗaya, kuma idan nama ya riga ya tsiro cikin ramukan ragar, ba a raba su cikin sauƙi. Ga matar da ke jiran a fara yi mata ƙarin ruwan maganin daji ko gashi, kowane mako da miki ya ci jinkiri ne ga maganin da zai ceci ranta.

A watan Maris na 2021 ma FDA ta taɓa yin magana. Bayan ta binciki bayanan da aka tattara a asibitoci 11 na Amurka da Kanada, ta ce matan da aka sa wa FlexHD da AlloMax sun fi fuskantar shigar ƙwayoyin cuta da sake aiki da cire jakar cikin shekara biyu, idan aka kwatanta su da waɗanda aka sa wa wasu iri ko waɗanda ba a sa wa komai ba. A watan Mayu na 2023 kuma kamfanin Integra ya janye SurgiMend da wasu kayan da ya sarrafa a masana'antarsa ta Boston, saboda an gano tangarɗa wajen auna gubar ƙwayoyin cuta da ke jikinsu.

To yaya aka yi abin da hukuma ba ta amince da shi ba ya cika ɗakunan aiki? Dokar Amurka ta 1976 ta bar wata ƙofa da ake kira 510(k): kamfani ya nuna cewa sabon kayansa ya yi kama da wani da ke kasuwa, shi ke nan, galibi ba sai an gwada shi a jikin mutane ba. Ta nan ragogin roba suka shigo, da sunan ƙarfafa nama mai rauni, misali a aikin kaba da gwaiwa. Likita kuwa doka ta ba shi dama ya yi amfani da kaya a wani wurin da ba a rubuta ba, idan ya ga maslaha. Kamfani ne aka hana ya yi talla a kan haka. A nan ƙarar matan da suka fara zuwa kotunan Amurka ta tsaya: suna zargin cewa kamfanoni sun san inda kayansu ke zuwa, sun ci riba, ba su yi gargaɗin da ya dace ba. Zargi ne, alƙalai ne za su tantance shi.

Amma tarihi bai ba kamfanonin nan kyakkyawar shaida ba. Mata fiye da dubu ɗari sun kai ƙara a kan ragar da ake sa wa masu saukar mahaifa, har a watan Afrilu na 2019 FDA ta umarci Boston Scientific da Coloplast su daina sayar da wadda ake sawa ta farji. A watan Oktoba na 2024 Becton Dickinson ɗin nan ya amince ya sasanta ƙararraki wajen dubu 38 a kan ragar kaba, ba tare da ya amsa laifi ba. Kafofin labarai sun ce kuɗin sun haura miliyar ɗaya na dalar Amurka, wato fiye da miliyar 500 na CFA. Turai ma ba ta tsira ba. A Faransa kamfanin PIP ya yi shekaru yana cika jakunkunan nono da silikon na masana'antu kafin asirinsa ya tonu a 2010, kuma kotun Marsai ta yanke wa mai shi, Jean-Claude Mas, ɗaurin shekara 4 a 2013.

Ra'ayin wannan jarida shi ne, kotu tana zuwa ne bayan ɓarna ta auku. Shari'a kan ɗauki shekaru, lauyoyi kan kwashi kashi ɗaya cikin uku ko fiye na diyya, kuma a jihohi da yawa matar da ta wuce shekara biyu ko uku ba ta kai ƙara ba ta rasa damarta. Wuyar ma ita ce tabbatar da cewa ragar ce ta jawo ciwon, tunda aikin nono ko ba raga yana iya yin mugunya, musamman ga mai ciwon suga, ko mai shan taba, ko wadda aka yi wa gashi. Lauyan kamfani nan zai fake. Gyara na gaskiya yana gaban aiki: a gwada kaya a wurin da za a yi amfani da shi kafin a sayar, a kuma gaya wa mace ƙarara cewa hukuma ba ta tantance shi ba, ta zaɓa da saninta. Akwai likitocin da ke ganin ragar tana taimakawa ƙwarai, ta rage zafi ta kuma gyara siffa. Idan haka ne, kamfanoni su kawo hujjar gaban hukuma, ai ba su rasa kuɗin bincike ba.

Kada wata ta karanta wannan ta guji asibiti. Cutar dajin mama ce kan gaba cikin cututtukan daji da ke kama matan Nijar, kuma abin da ke kashe su shi ne zuwa a makare. Aikin cire cutar ba ya buƙatar raga. Wadda aka riga aka sa wa kuma ba ta jin komai, FDA da kanta ba ta ba da shawarar a cire ba.

Maganar ta shafe mu ta wajen ƴan uwanmu da ke fita ƙasashen waje neman magani ko gyaran jiki, su dawo gida bayan kwana goma. Idan miki ya ruɓe a Maraɗi ko Damagaram, likitanmu ne zai buɗe shi, alhali bai san abin da ke ciki ba, kuma kotun Amurka ta yi wa wannan baiwar Allah nisa. Duk wadda za a yi wa irin wannan aiki, ita ko mai rakiyarta su nemi a rubuta musu sunan abin da aka sa, da kamfanin da ya yi shi, da lambarsa, su adana takardar. Ma'aikatar kiwon lafiya kuma ta wajabta wa asibitocinmu, na gwamnati da masu zaman kansu, su riƙa rubuta wannan bayani a kundi ga duk wata raga da suka ɗinka, ko ta kaba ce, don ranar da wani kamfani ya janye kayansa a san ƙofar gidan da za a ƙwanƙwasa.