Gigin Tsufa: Wahalar Ƙidayar Masu Shi Tun Yana Sabon Kamu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da gigin tsufa a duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna zaune ne a ƙasashe masu tasowa. To amma kafin gigin ya bayyana sosai akwai wani mataki, watau lokacin da mantuwar dattijo ta zarce abin da shekarunsa suka ƙunsa, alhali yana iya tafiyar da harkokinsa da kansa. Ba duka masu wannan rauni ne ke kaiwa ga gigi ba, sai dai su ne suka fi wuyar ƙirgawa.

Wani bincike da aka buga a Amurka a 2022 ya nuna cewa cikin masu shekara 65 zuwa sama, kashi 10 cikin ɗari suna da gigin tsufa, kashi 22 kuwa suna kan matakin raunin tunani.

A Nijeriya alƙaluman sun sha bamban. Nazarin da ya kwatanta dattawan Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis ya ba da kashi 2.29 a Ibadan da 8.24 a can, a 1995. A Jos an sami 6.4 a 2006, a Zariya kuwa 2.79 a 2011.

Wani ɓangare na wannan saɓani daga ma'auni yake. Shahararren gwajin likitoci yakan nemi mutum ya faɗi kwanan wata, ya riƙa ɗebe bakwai daga ɗari, ya kuma kwafi wani zane da alƙalami. Dattijon da ke lissafi da watan Musulunci, bai kuma taɓa zama ajin boko ba, yana iya faɗuwa alhali hankalinsa garau yake. Tsohon ma'aikaci kuwa iliminsa na iya rufe masa asiri har ciwon ya yi nisa. Ga kuma iyali da ke ɗaukar abin a matsayin halin tsufa, ba sa kai shi asibiti.

Rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006, saboda haka yawan tsofaffin ma ƙiyasi ne. Lalle ne ma'aikatun lafiya su samar da gwaji cikin harsunan gida, a riƙa jin ta bakin makusantan dattijo, domin likita ya tantance ko matsalar ta kurumta ce, ko damuwa, ko gigin ne ya soma.