Kwana Ɗaya a Yankari: Riba ko Asara ga Mai Iyali?

Duk motar da aka yi wa rajista a jihar nan tana yawo da take a jikin lambarta, an rubuta da Ingilishi cewa Bauchi ce lu'ulu'un yawon buɗe ido. Kowa ya san da Yankari ake wannan tutiya. Amma mai karatu, tsaya a Wunti ko Jahun ko Yelwa ka tambayi magidanta goma, nawa ne a cikinsu suka taɓa kwasar iyalansu suka kwana a can? Amsar da za ka fi ji ita ce, "Ai wurin masu kuɗi ne," ko kuma, "Wannan ai sai Turawa." To, shin gaskiya ne kuɗin masaukin Wikki ya fi ƙarfin abin da iyali za su samu a can?

Ni dai a ganina, abin da ke cikin dajin nan ya cancanci kuɗin da ake biya. Inda gizo ke saƙar shi ne, wanda ya yanka farashin bai yi shi da irin iyalinmu a zuciyarsa ba.

Bari mu ɗan waiwayi wurin kansa. An keɓe Yankari a matsayin gandun namun daji a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a watan Disamba na 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya dawo hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. Daga Bauchi mutum zai bi hanyar Gombe, ya ratse a Dindima, ya isa babbar ƙofa a Mainamaji. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka ya iso ke nan, alhali da sauran tafiyar kimanin kilomita 40 a cikin daji kafin a kai sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke.

Wannan kilomita 40 ita ce sirrin farashin. A cikin gari, in otal ya tsawwala maka sai ka tsallaka titi ka tambayi na gaba, in abincinsu ya yi tsada ka aiki yaro wurin mai shayi ko mai masa. A Wikki kuwa babu na gaba. Ɗaki nasu ne, ɗakin cin abinci nasu ne, motar shiga daji ma tasu ce. Ba Yankari kaɗai ke haka ba. A Amurka an buɗe filin wasannin Disneyland a 1955, shekara guda kafin a keɓe namu dajin, kuma otal-otal na kamfanin da ke maƙale da filayensa sun fi takwarorinsu na nesa tsada. Kusanci ake saye a irin waɗannan wurare, gado kuwa gyara ne kawai. Saboda haka kuskure ne a auna ɗakin Wikki da ɗakin otal ɗin cikin gari.

Sai dai kafin a kai ga ɗakin ma, aljihu ya riga ya fara kuka. Zuwa da dawowa daga Bauchi ya haura kilomita 200, wato ƙaramar mota za ta sha lita 20 zuwa 25. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. A ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a wannan shekarar naira 70,000 ne. Ka ga ke nan, a lissafin wancan lokacin, mai kaɗai ya lashe kusan kashi ɗaya bisa uku na albashin ƙaramin ma'aikaci, shi ma in yana da motar. Sannan ga kuɗin shiga da ake ƙirgawa bisa kawuna, ga kuɗin motar kewaya daji, ga abinci.

Ƙirgen kawunan nan shi ne babban abin da nake son mu duba. Ɗakin otal, ko ina yake a duniya, an tsara shi ne domin mutum biyu, in an matsa a ƙara katifar yaro ɗaya. Wannan tsari ya dace da Bature da matarsa da 'ya'yansu biyu, ko ma'aikacin da ofis ya turo taro. Magidancin Bauchi fa? Yana da 'ya'ya shida ko bakwai, wataƙila mata biyu, ga ƙanwar uwargida da take riƙo, ga ɗan wansa da ba a isa a bari a gida ba. Ba zai haɗa samari da 'yan mata ɗaki ɗaya ba, ba zai ɗauki ɗakin wannan ya bar na waccan ba, don kuwa ya san abin da zai tarar in ya dawo. Farashin da aka rubuta na ɗaki guda, a wurinsa na ɗaki uku ne. Shi ya sa idan wani ya ce da ni ɗakin ba shi da tsada, sai in tambaye shi, su nawa ne a gidanku?

Mafitar da yawancin mutane ke bi ita ce su je su dawo a yini guda, musamman a ranakun sallah da kirsimeti. A nawa lissafin, wannan ita ce tafiya mafi tsada, duk da cewa kuɗinta ya fi kaɗan. Namun daji ba sa yawo da tsakar rana. Da sassafe da kuma la'asar sakaliya ne suke fitowa wajen kogin Gaji neman ruwa. Wanda ya bar Bauchi bayan an karya kumallo, ya isa Wikki rana ta take, dabbobi sun shige inuwa. Zai ga birai da mugun dawa suna kaiwa da komowa a tsakar sansani, yara su yi wanka, a ɗauki hoto, a juyo da sauri don kada dare ya yi a hanya. Ya biya mai, ya biya ƙofa, amma bai ga abin da ya je gani ba. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Kwanan da ake gudun biya, shi ne ke sayo safiyar.

Akwai kuma batun lokaci, wanda ban cika jin ana ambata ba. An fi ganin dabbobi da rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, tafkuna suka ƙafe, kowa ya dogara da Gaji. Dogon hutun makarantunmu kuwa a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ko ina, dabbobi sun warwatsu. Iyalin da suka je a watan Agusta sun sayi rabin kaya ne, ya kamata a ce rabin kuɗi suka biya.

To me ake samu in an dace? Na farko dai Wikki kanta. Ruwa ne garai-garai mai ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, kana hango yashin ƙasansa, ɗuminsa yana nan a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Babu wani wurin wanka na otal da zai yi kusa da shi. Ga kogunan Marshall da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, ga rijiyoyin Dukkey, ga gidan adana kayan tarihi a sansanin. Ga kuma giwaye, waɗanda garkensu yana cikin mafiya girma da suka rage a Nijeriya, ko da yake daji ba gidan zu ba ne, babu mai yi maka alkawarin ganinsu.

Amma mu ɗaliban harshe, akwai wata riba da ta fi shafarmu. Ni ba a nonon uwa na sha Hausa ba, a makaranta da kasuwa na tsince ta. Na daɗe ina jin ana yi wa jarumi kirari da "gwanki sha bara" ko "toron giwa," ina rubuta su a jarrabawa ina cin maki, alhali sunaye ne kawai a kunnena. Na ɗauka don ni baƙon harshen ne. Da na bincika abokan karatuna waɗanda Hausa ce harshen gidansu, sai na tarar da yawansu ba za su iya bambance gwanki da kanki ba, balle mazo da gwambaza. Wasu sun fi sanin sunan dabbar da Ingilishi, saboda a talabijin suka gan ta. Kirari da karin magana da tatsuniya cike suke da namun dawa, domin waɗanda suka ƙaga su da dabbobin suka zauna. Yaron da ya ga ɓauna ta tsaya ta zuba masa ido ba ta ko motsi, ba ya bukatar malami ya yi masa sharhin dalilin da ya sa maharba ke shakkarta. Gani ya kori ji. Wannan ba ya cikin rasit, amma yana cikin abin da uba ya saya.

Wani abu kuma da ke rage wa iyali riba shi ne wankan kansa. Mata da yawa a garin nan ba za su shiga ruwa a gaban maza baƙi ba, kuma ba za su bar 'yan matansu su shiga ba. Sai ka ga uwa ta zauna a gefe tana gadin takalma da kwanon abinci don kada biri ya sure. An biya mata kuɗin shiga daidai da kowa, amma ta tashi a 'yar kallo. Sa'o'i biyu tabbatattu a kowace rana na mata zalla, a rubuce a bakin ƙofa yadda kowa zai sani tun daga gida, ba za su ci wa kowa ko sisi ba.

Ba na cikin masu cewa a mayar da wurin kyauta. Daji mai wannan faɗi yana bukatar masu gadi, kuma aikinsu na sai da rai ne, don mafarauta ba da wasa suke shiga ba. A 2014 gwamnatin jihar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS saboda wannan aiki na tsaro. Wutar sansanin da ruwansa da gyaran hanyoyinsa duk kuɗi ne. Baƙon da ya taso daga Abuja ko Turai, ya kama ɗakin alfarma, ya biya da kyau, ba ni da ja. Abin da nake nema shi ne a buɗe wa ɗan gida tasa ƙofar. A Afirka ta Kudu, tun daga 2006, ana ware mako guda a watan Satumba da 'yan ƙasa ke shiga yawancin gandayen gwamnati kyauta da rana, kuma a sansanonin gandun Kruger akwai wuraren da iyali ke dafa abincinsu da kansu. Mu ma za a iya yanka farashin gida guda mai ɗaukar mutum takwas ko goma, da madafa a gefe, uwargida ta zo da shinkafarta da manjanta. A rage kuɗi da damina. A sa motar safa ta riƙa tashi daga Bauchi kowace Juma'a da yamma ta dawo Lahadi, don wanda ba shi da mota. Ɗakin da ya kwana babu kowa ai bai kawo komai ba.

Kafin a yi haka, shawarata ga mai iyali ita ce, kada ya je shi kaɗai. Gida uku su haɗa kuɗi, ko da ta hanyar adashi ne, su ɗauki shatar bas guda, maza da samari su haɗu a wuri ɗaya, mata da yara a wani, a tambayi masaukin ɗalibai mai sauƙin kuɗi tun kafin a tashi. A nufi hutun Disamba ko na Afrilu, a kwana ɗaya, a fita da motar farko ta safe. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, gandun Sumu da ke ƙaramar hukumar Ganjuwa ya fi kusa, kuma raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006 sun fi sauƙin gani a yini guda.

Mu kuma a ƙungiyar ɗalibai, me zai hana mu shirya tamu tafiyar a hutun da ke tafe? Kowa ya zo da littafinsa, mu zauna da masu gadin dajin mu rubuta sunan kowace dabba da tsuntsu da itace da Hausa, sannan waɗanda ke jin Fulatanci da Jaranci da Sayanci a cikinmu su cike nasu layin.